Kafin A Sauke Giyar Jif Ɗinka

Mu da ke sayen jif ɗin tokumbo a Kwatano mun san wannan ciwo: mota na tafiya lafiya lau, da ta zo shiga giya ta biyu sai ta yi fizga kamar an bangaje ta ta baya. Highlander ɗina ta fara haka tsakanin Lome da Akara, maƙare da atamfofin mutane. Bakaniken farko ko leƙawa bai yi ba, ya ce, "Alhaji, sai fa an sauke giya." Kuɗin da ya kira ya kusa cinye ribar tafiya uku.

Na ce a fara duba man giya tukuna, injin na aiki kuma ya ɗauki zafi. Lafiyayyen mai ja ne. Nawa ya yi baƙi, yana ƙauri, don zafin ƙasashenmu da lodi su ke dafa shi. Aka zubar, aka canza matata, aka zuba T-IV, irin wanda aka rubuta a sandar awo. Ba kowane jan mai giyar Toyota ke karɓa ba, ko me mai shago zai faɗa maka.

'Yar fizgar da ta rage kuwa, da aka jona kwamfuta sai ta nuna wani bawul ɗin lantarki ne ya mutu, abin da bai cika tafin hannu ba. Shi aka canza, giyar tana nan inda take.