Turken Sarkin Ruwa

A garinmu da ke gaɓar kogin Haɗeja, can ƙasa da Ringim, da zarar damina ta kai marka sai Sarkin Ruwa ya sauka mashaya da turken ƙirya a kafaɗa. Yakan kafa shi a inda ya saba kafa shi kowace shekara, daura da wata tsohuwar tsamiya, ya zaro wuƙa ya sabunta tsaga uku da ke jikinsa. Mu yara mun haddace ma'anarsu tun kafin mu haddace Fatiha da kyau. Idan ruwa ya taɓa tsaga ta farko, ruwan shinkafa ne, albarka ta iso fadama. Idan ya kai ta biyu, gobe akwai gayyar jinga, babu namijin da zai tafi gonarsa. Idan kuwa ya lashi ta uku, to mata da yara da tsofaffi da dabbobi ba za su kwana a cikin gari ba.

Ina maganar shekarun da ba a gama madatsar Tiga ba, wato kafin 1974. A lokacin kogi da kansa yake tafiya. Ruwan da ya sauka a ƙasar Kano yakan biyo kogin Kano da na Challawa, su haɗu kafin Wudil, sannan ya gangaro mana a hankali, domin ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai. Yakan yi kwanaki a hanya. Wannan jinkirin shi ne rahamar da Allah Ya yi mana, don labari yakan riga ruwa isowa. Fasinjan jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru da ya ga yadda kogi ya cika a sama yakan sauka da zancen a tasha. Fatake su kawo shi ranar kasuwa. Masunta su miƙa wa juna daga kwalekwale zuwa kwalekwale. Ga kuma auratayya: da wuya ka sami gida a garinmu da ba shi da 'ya ko ƙanwa da ke aure a wani gari da ke sama da mu, kuma surukin kirki ba ya ganin ruwa ya shiga gonarsa ya kasa tura yaro ya gaya wa na ƙasa.

Sarkin Ruwa ba ya dogara da turke kaɗai. Yakan duba launin ruwan, ko ya yi ja, da irin kumfar da ke kansa, da tarkacen da yake kwasowa. Karan dawa ɗanye a kan ruwa yana nufin gonakin sama sun riga sun nutse. Tururuwa ta fara hawa bango da ƙwayayenta, macizai su fara barin ramuka, duk yana lissafe da su. In ya gama haɗa abin da ya gani da abin da ya ji, sai ya nufi ƙofar Dagaci.

Na taɓa bin kawuna zuwa wannan zama, ina riƙe masa fitila. Sarkin Ruwa ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ya wuce ta biyu da yatsa huɗu tun la'asar, kuma bai tsaya ba." Dagaci bai tambaye shi ko ya tabbata ba. Ya dubi Liman, ya dubi Sarkin Noma, ya ce a kira sankira. Kafin a yi sallar isha'i kuge ya zaga unguwa uku. Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne babu wanda ya fito yana tambayar me za a yi. Kowa ya san nasa. Samari suka ɗauki kwanduna da fartanyu suka nufi inda jinga ta fi rauni. Masu jakuna suka fara jidar damman gero daga rumbunan da ke gangare. Masu kwalekwale biyu da muke da su suka ɗaure su a bakin unguwar da ruwa ya saba fara shiga. An san gidan da makaho yake, an san gidan mai jego, an san tsohuwar da ba ta iya tafiya, kuma an san wanda zai goya ta. Kakata ta ɗaura mini ƙullin garin kunu a ka ta ce, "Ɗan nan, riƙe hannun ƙanwarka, kada ka sake shi sai kun hau jigawa." A can bisa tudu muka tarar da mutanen ƙauyen maƙwabta sun share mana wuri, domin wata shekarar mu ne muka share musu.

An yi asara a wancan zamani, kuma zan yi ƙarya in na ce ba a yi ba. Gidajen ƙasa sun rushe, gonaki sun tafi, zazzaɓi da gudawa sun biyo bayan ruwa sun ɗauki yara. Idon Sarkin Ruwa iyakarsa abin da ya iso gabansa da abin da bakin mutane ya kawo. Amma daga lokacin da ya buɗe baki zuwa lokacin da gari ya motsa, ko tukunya ba ta isa ta tafasa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa gorarmu a fafe take tun rani.

Daga baya kogin ya sake hali. Aka gama Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992. Sun kawo noman rani da ruwan sha, kuma babu mai musun amfaninsu. Sai dai ruwan da a da yake cika da damina ya janye da rani ya koma gudana kusan duk shekara, kuma wannan ya yi wa ciyawar kachala daɗi. Ta cika hanyoyin ruwa daga wajen Haɗeja har dausayin Nguru, yashi ya taru a gindinta, ruwa ya rasa hanyarsa ta gado ya riƙa fasa sabuwa ta cikin gonaki da gidaje. Fari na farkon shekarun 1970 da na tsakiyar shekarun 1980 kuma suka sa mutane suka manta iyakar ruwa, aka yi gine-gine a inda kakanninmu ba sa yarda ko akurki a kafa. Tsagar turke ta daina faɗin gaskiya yadda ta saba, tunda yanzu hawan ruwa ya danganta har da cikar madatsa mai nisa da Sarkin Ruwa bai taɓa gani ba. Samari suka tafi birni, gayya ta yi sanyi, aka fara jiran gwamnati ta zo ta gyara jingar da a da mu ke gyara abarmu. Ambaliyar 2001 da ta 2010 da ta 2020 sun same mu a wannan hali. Ta 2022, wadda ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin Nijeriya ta kuma raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu, ta yi wa Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma da Ringim mummunar ɓarna.

Abin da ke ci mini rai shi ne yau an fi mu sani nesa ba kusa ba. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara. Hukumar NIHSA tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya kafin ruwa ya sauka. Akwai hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, tun 1999, jihohi kuma da nasu hukumomin. Rediyo yana kowane gida, waya tana kowane aljihu. Amma sanarwar da ta ce ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari ba ta gaya wa mai jego daren da za ta tashi, ko hanyar da za ta bi, ko wanda zai ɗaukar mata jariri. Mutanen Maiduguri sun ga haka a daren 10 ga Satumba 2024, lokacin da ruwan madatsar Alau ya iske dubbai a kan shimfiɗarsu. Gargaɗi yana aiki ne idan ya fito daga bakin da aka sani, ya faɗa kunnen mutanen da suka riga suka raba aiki a tsakaninsu.

Haɗa biyun, wato hasashen hukuma da shirin mutanen gari, ba abu ne da ya gagara ba. A Jamhuriyar Nijar, a kan kogin Sirba da ke zuba cikin Kwara sama da Yamai, an kafa na'urorin auna ruwa da ke aika bayani da kansu, sannan aka kafa ma'aunai masu launi a ƙauyukan gaɓa, kore da rawaya da ruwan lemo da ja, aka kuma koya wa mutanen wurin abin da kowane launi ke nufi. Da na ji labarin sai na ga turken garinmu ne aka shafa wa fenti aka ba shi ido mai hangen nesa. Haka ya kamata a yi mana: masu kula da madatsa su sami lambar wayar Sarkin Ruwa da ta Dagaci na kowane gari da ke ƙasa da su, liman ya faɗa a masallaci, matan unguwa su riƙe lissafin masu rauni, a zaɓi tudun da za a nufa tun kafin ruwan fari, a kuma dawo da gayyar yankan kachala da ta jinga.

Da na je gida bara, na sauka mashaya da yamma. Tsamiyar tana nan. Na tarar da jikan Sarkin Ruwa na wancan zamani, saurayi mai gyaran babura, ya kafa ƙarfen rodi a gurbin turken kakansa, ya ɗaura masa tsumma uku. Kullum da asuba yakan ɗauki hotonsa ya tura wa samarin garuruwa biyar da ke ƙasa da mu ta WhatsApp, na sama kuma su turo masa nasu. Na ce, "Yaro, wa ya sa ka wannan aiki?" Ya ce, "Baba, ai gadonmu ne." Na tsaya tare da shi har aka kira magariba, muna duban ruwa, yana ɗan taɓa tsumma na farko.