Yaƙin Sudan da Shirun Masallatanmu

Akwai al'amarin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, watau yadda kunnuwanmu suke zaɓen masifar da za su ji. Ɗan kasuwa a rumfarsa da ma'aikaci a ofishinsa, kowa da rediyonsa ko wayarsa, in aka tambaye su labarin Gaza za su kawo shi filla-filla, kuma haka ya kamata. Amma a ce musu ina labarin Alfashir, sai a ga ana kallon juna.

Alfashir dai babban birni ne a Darfur, yammacin Sudan. A ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan ƙasa a ƙarƙashin Janar Abdulfattah Alburhan da rundunar RSF ta Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake wa laƙabi da Hamidti. Su biyun nan tare suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya a Oktoban 2021, sa'an nan suka ɓata a kan shigar da RSF cikin soja, da wanda zai zama gaba da wani. Ita RSF kuwa tsatson Janjawid ce, mayaƙan da Umar Albashir ya yi aiki da su a Darfur tun 2003, ya mayar da su runduna a 2013. Daga nan wuta ta bazu. An karkashe ƙabilar Masalit a Aljunaina a 2023, waɗanda suka tsira suka ƙetara zuwa Adre a Cadi. A Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa mai kisa a sansanin Zamzam. Alfashir ta sha ƙawanya wajen wata 18 kafin ta faɗa hannun RSF a Oktoban 2025, aka yi ta'asar da baki ba ya iya faɗa. Mutanen da suka bar gidajensu sun haura miliyan 11, abin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce babu kamarsa a duniya.

To, da a ce Sudan baƙuwa ce a gare mu, da sai mu nemi uzuri. Alhali kuwa ta nan kakanninmu suka bi da ƙafa da jaki zuwa aikin Hajji, suna yada zango shekara da shekaru, suna noma don neman guzuri, kafin su kai gaɓar teku a Sawakin. Da yawa ba su komo ba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har bakin Shuɗin Nilu, kuma garin da suka kafa kusa da Sinnar yana nan da sunansa. Mu da muka yi karatun Larabci bashin da ke kanmu ya fi haka nauyi. Shaihunan Sudan aka ɗauko suka buɗe makarantar Shari'a ta Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci, kuma malaman da suka koya mana Nahawu da Fiƙihu almajiran almajiransu ne. Marigayi Shaihu Abubakar Gumi ma ya yi karatu a Bakhtur Ruda.

Hausawan can kuwa sun ɗanɗana tun kafin babban yaƙin. A Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu a kan ƙasa da sarautar gargajiya, tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu, aka rasa rayuka fiye da 100, ya sake tashi a Oktoba a Wad Almahi. Mutum nawa a cikinmu suka ji?

Mun yi ta tunanin dalilin wannan shiru. Gaskiya ne manema labarai ba sa samun shiga, layukan waya suna yankewa, manyan ƙasashe kuma hankalinsu yana wani wuri. Amma fa akwai dalilin da ya fi waɗannan ɗaci, kuma namu ne. Idan azzalumi ba Musulmi ba ne, harshenmu yana sakewa a kan mumbari. A Sudan mai harbi yana salla, wanda ake harbi yana salla, kuma ƙasar da ake zargi da bai wa RSF makamai domin zinariyar Darfur ita ce Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ko da yake tana musantawa. Dubai kuwa kowa ya san nan ne wasu attajiranmu suke sarin kaya. Sai maganar ta yi nauyi, a bar ta. Ba mu san wani babi a Fiƙihu da ya rage darajar jinin Musulmi don Musulmi ne ya zubar da shi ba.

Lalle ne mu yi hattara kuma da hotunan da ake turowa ta WhatsApp, domin ɓangarorin biyu kowa yana da masu yi masa farfaganda, kuma an zargi shi kansa sojan ƙasa da jefa bama-bamai a kasuwanni. Wanda yake son gaskiya ya haɗa sashen Hausa na gidajen rediyo da na Larabci, ya saurari Rediyo Dabanga da 'yan Sudan suke gudanarwa daga Holan, ya tambayi ɗalibanmu da aka kwaso daga Khartum a Mayun 2023, da fataken da ke zirga-zirga zuwa Abeshe. Masu cinikin ƙaro ma suna da labari, tunda Sudan ce ta fi kowace ƙasa fitar da shi.

Abin da muke roƙon limamanmu na Juma'a kaɗan ne: idan za a yi alƙunut, a ambaci Alfashir da Aljunaina da Kordofan da sunayensu. Masu hali kuma su sani akwai wuraren dafa abinci na sadaka da matasan unguwanni suka kafa a Sudan, waɗanda suke kira takaya. Da yawa daga cikinsu sun sauke tukunya a farkon 2025, lokacin da Amurka ta tsayar da tallafinta.