Keke a Cikin Hunturu

Ƙasar Gumel ba ta san ƙanƙarar da ke rufe titunan Turai ba, amma idan iskar hunturu ta taso daga Sahara a watan Disamba, hazo ya lulluɓe gari har rana ta dushe, to, mai keken da ya fito bayan sallar asuba daga Sule Tankarkar ko Gagarawa, da buhun riɗi a baya, yana nufin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, lalle ya ɗanɗana haƙuri. Iska tana dukan ƙirjinsa, leɓɓansa suna tsagewa. Na yi nazarin wannan tafiya, ban ga kome cikinta ba face tawakkali da neman halal. Ya kai mai mota, idan ka riske shi cikin hazo, ka sassauta.