Kirsimetin Farko A Hanwa

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma ba su gaya mana ranar da sabon gida yake karɓar mutum ba. Mu dai a da mun ɗauka da zarar an sauke kaya, an share ɗaki, an kafa gado, to magana ta ƙare. Sai da muka tashi daga Samaru muka koma Hanwa a watan Disamba na 2023 muka gane ashe da sauran aiki bayan na magini da kafinta.

Shekara 11 muka yi a gidan haya a Samaru, ciki da falo, mu da 'ya'yanmu uku. A tsawon wannan lokaci mun sayi ɗan fili a Hanwa, muna ta lallaɓa ginin, yau bulo ɗari, gobe buhun siminti biyu. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, komai ya tashi, mai gidan da muke haya shi ma ya ce ko mu ƙara kuɗi a sabuwar shekara ko mu ba shi makullinsa. Muka duba aljihu, muka duba ginin, muka ce gara mu kwana a namu ko da babu silin. Ranar Asabar 2 ga Disamba akori-kura ta yi sawu biyu da kayanmu. Tagogi biyu buhu muka liƙa musu, ga shi kuwa hunturu ya kankama, kafin gari ya waye ƙura ta rufe kujeru har yara suna rubuta sunayensu a kai da yatsa.

Ga mai karatun da bai san Zariya ba, Hanwa tana kan hanyar da ta taso daga Kwangila ta nufi Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take. Ɗan gaba kaɗan akwai Palladan da makarantar koyon tuƙin jirgin sama, shi ya sa ƙananan jirage ba sa rabuwa da samaniyar unguwar. Akwai ma'aikatan jami'a, akwai 'yan kasuwar Sabon Gari, akwai kuma 'yan asalin wurin da suka gaji gonakin da aka yanka filaye. A layinmu gida goma ne har da namu, kuma mu kaɗai ne Kiristoci.

Wannan shi ne abin da ya hana dangi barci. Wani kawunmu ya yi tattaki musamman ya ce, "Ku sayar da wurin nan ku nemi fili a Wusasa cikin 'yan'uwanku. Ranar da gari ya rikice, ta ina za ku fita da yara uku?" Ba mu ga laifinsa ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yana saurayi a Zariya a watan Maris na 1987 lokacin da rikicin Kafanchan ya watsu har aka ƙona coci-coci a garin. Mu kuma da wayonmu aka tayar da bom a cocin Katolika na Madalla ranar Kirsimetin 2011, sannan ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012 aka kai irinsa babban cocinmu na Kiristi Sarki da ke Sabon Gari, wurin da muke zuwa Mas har yau. Tun daga lokacin mutane suka riƙa tattara kansu, kowa yana neman unguwar da ake kiran sunan Allah irin yadda yake kira. Mun ji maganar kawu, amma kuɗin wani filin babu shi, zuciya kuma ba ta yarda mu guji mutanen da ko sallama ba mu taɓa yi da su ba.

Daɗin daɗawa, mu Hausawa ne 'yan Katolika, asalinmu daga ƙauyukan Malumfashi. Wannan yakan rikita mutane. Kwana biyu da tarewarmu wani yaron layi ya tsaya yana kallon maigida sanye da babbar riga da hula zanna, da carbin rosari a hannunsa, ya ce, "Baba, wai ku Hausawa ne ko Kiristoci?" Maigida ya yi dariya ya ce, "Duka biyun, yaro." Alhali kuwa abin ba sabo ba ne a ƙasar Zazzau. Likita Miller na mishan ɗin Angilika ya zauna a birnin Zariya tun 1905, daga baya aka koma Wusasa, inda zuriyar Hausawa Kiristoci suke har gobe. A wannan watan ma da muka tare aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na farko na sabuwar dayosis ɗin Katsina, aka kuma naɗa Habila Daboh bishop na Zariya, ya gaji marigayi George Dodo wanda ya rasu a 2022.

Gardamar farko da aka yi a sabon gidan a kan gicciye aka yi ta. Muna da wani na katako da iyayen uwargida suka ba mu ranar aure, kuma a Samaru a saman ƙofar shiga yake. Maigida ya ɗauko guduma zai kafa shi a waje, uwargida ta riƙe hannunsa ta ce, "Baban yara, mu bari tukuna mu ga kamun ludayin mutanen." Shi kuma ya ce mutumin da ya ɓoye alamar addininsa a gidan da ya gina da guminsa, to har yanzu ɗan haya ne. Aka ja, aka ja, daga ƙarshe gicciye ya tsaya a bangon falo. Washegari Lahadi ce ta farko ta Adbent, wato makonni huɗun da 'yan Katolika ke shirin zuwan Almasihu, ana kunna kyandir ɗaya kowace Lahadi har su cika huɗu. Muka kunna na farko a kan kwalin da ba mu kwance ba, muka yi waƙa da murya ƙasa-ƙasa kamar masu tsoron tada jariri.

A daren wannan Lahadin ne bom ya faɗa wa masu taron Maulidi a ƙauyen Tudun Biri cikin ƙaramar hukumar Igabi, mutum fiye da 80 suka rasu, yawancinsu mata da yara. Da labari ya bazu, layinmu ya yi tsit. Muka ga dattawa sun taru a dakalin masallaci bayan la'asar, kowa ya yi tagumi. Muka yi shawara: mu je ko kada mu je? Baƙi ne mu, ba a san mu ba, kada a ce me ya kawo mu. Uwargida, wadda jiya ta hana kafa gicciye, ita ce ta ce ai ba a jiran gayyata kafin a yi jaje. Maigida ya sa hula ya fita, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, ni ne sabon maƙwabcinku. Na zo mu yi wa juna jaje. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu."

Liman ya dube shi ya ce, "Amin, amin. Mu ne ya kamata mu fara zuwa yi muku barka da tarewa, sai ga shi kun riga mu. Matso ka zauna, Malam." Ya muskuta ya ba shi gefen buzunsa. Zaman bai fi minti goma ba, amma da maigida ya dawo, tuwon daren nan ya ci shi da yawa.

Sati na uku yara suka tayar da maganar komi. Al'ada ce a gidajen Katolika a gina ɗan garke, a sa siffar Maryamu da Yusufu da makiyaya da dabbobi, a bar komin babu kowa sai daren Kirsimeti a kwantar da jaririn. Waliyi Faransis na Asisi ne ya fara yin haka a ƙauyen Greccio na Italiya a 1223, wato shekara 800 cif kafin tarewarmu. Namu da kwalin taliya muka yi shi, da karan dawa da ciyawar da yara suka yanko a bayan gida. Kafin mu ankara yaran layi sun cika falo suna kallo, ana musu a kan ko wannan tunkiya ce ko akuya. Hajiyar gidan da ke kallon namu ta shigo neman jikarta, ta tsaya, uwargida ta yi mata bayani a ɗarare. Hajiya ta ce, "Ai Nana Maryamu ba baƙuwa ba ce a wurinmu, Maman yara. Sura guda aka sa wa sunanta a Alƙur'ani. Mu a namu a gindin dabino ta haihu." Suka zauna kowace tana ba ɗaya labarin yadda yake a wajenta. Ba su daidaita a kan waye jaririn ba, ba su kuma yi ƙoƙarin daidaitawa ba. Mu kuwa abin da ya tsaya mana a rai a wannan shekarar shi ne iyalin da suka isa Baitalami suka rasa masauki, domin a karon farko mun ji labarin a jikinmu.

Da jajibere ta zo, muka ɗaure ɗan akuyar da muka saya, maigida ya tafi wurin Liman. Tsohuwar al'ada ce a arewa Kirista ya ba Musulmi wuƙa ya yanka masa dabbar biki, don maƙwabta su ci ba tare da shakka ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu na yi a ƙauye, amma ba mu san ko al'adar ta tsira a birni ba. Liman ya ce, "Wannan ai ba ya buƙatar roƙo." Ya zo da wuƙarsa, ya yi bisimilla ya yanka, samarin layi biyu suka feɗe, aka ba su kai da ƙafa.

Da yamma muka shirya zuwa Mas ɗin jajibere, wanda a da sai tsakar dare ake yi, amma saboda halin tsaro yanzu akan fara shi da wuri. A bakin cocin aka laluba jakunkuna kamar yadda aka saba tun 2012. Aka yi waƙoƙi da Hausa da Turanci da Ibo, 'yan Zumuntar Mata suna kaɗa tulu da caki, turare ya cika wuri. Sai dai gaskiya rabin hankalinmu yana Hanwa, gidan da tagoginsa buhu ne, ga nama da buhun shinkafa a ciki. Da muka dawo muka tarar da samarin nan biyu sun hura wuta a ƙofar gidanmu suna jin ɗumi. Suka ce Hajiya ce ta sa su zauna har mu dawo.

Ranar Litinin, ranar Kirsimeti, uwargida ta zuba shinkafa da miya da nama a kwanoni tara, da cincin a leda, yara suka yi ta jigila cikin sababbin kaya. Mu kuma muka zauna a falo muna ƙirga, gabanmu na faɗuwa, don mun san amsar da kawu ke nema tana cikin waɗannan kwanoni. Takwas suka shiga, yara suka dawo da tukuici. Na tara ya dawo a rufe yadda ya tafi. Autarmu ta shigo da hawaye ta ce mai gidan ƙarshen layi ya ce a gode, amma a mayar. Ba za mu ɓoye ba, abin ya yi mana ciwo, har ciwon ɗayan nan ya so ya danne daɗin takwas ɗin.

Kafin magariba kwanoni suka fara dawowa, kuma babu wanda ya dawo wayam: wannan da waina, wancan da dambun nama, na Hajiya kuwa cike da dabino. A lokacin ne kuma labarin hare-haren da aka kai ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Jihar Filato ya iso, an kashe mutum fiye da 100 a daren biki. Washegari da safe muka ji sallama. Liman ne da dattawa uku, sun zo jaje. Suka zauna a falonmu marar silin, a ƙarƙashin gicciyen nan, suka yi addu'a irin tasu, muka amsa da amin.

Mai gidan ƙarshen layi kuwa, bayan kwana uku ya tare maigida a hanya ya ce, "Malam, kada ka riƙe ni a zuciya. A fahimtata ban cin abincin bikin da ba na addinina ba. Amma haƙƙin maƙwabci wajibi ne a kaina. Na ga kuna sayen ruwa wurin 'yan garuwa, alhali ga burtsatse a gidana. Daga yau yara su riƙa zuwa su ɗiba." Har yanzu ruwansa muke sha, har yanzu kuma ba ya cin shinkafarmu ta Kirsimeti. Mun daina aika masa a ranar, sai mu bari in mun samo sabuwar masara daga ƙauye mu kai masa, ya karɓa da hannu biyu.

Ranar Lahadi 7 ga Janairu 2024, bayan Mas ɗin tunawa da zuwan masanan gabas, Fada ya biyo mu gida ya sa masa albarka. Ya bi ɗaki-ɗaki yana yayyafa ruwa mai tsarki, har kicin da bayan gida, yaran layi suna leƙe ta tagar buhu. Da ya gama, uwargida da kanta ta ɗauko guduma ta miƙa wa maigida, aka fitar da gicciyen aka kafa shi a saman ƙofar waje. Kawu bai sauya ra'ayi ba, yana cewa zaman lafiyar wata guda ba hujja ba ce, kuma mun san akwai gaskiya a maganarsa, don babu wanda ya san abin da gobe za ta haifa. Abin da muka sani shi ne, in wani abu ya taso da dare, akwai ƙofofi tara da muka san sunayen masu su, su ma sun san na 'ya'yanmu. Da Babbar Sallah ta zo a watan Yuni, naman layya ya shigo mana daga gida tara, har da na ƙarshen layi.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya haɗa kowane baƙo da maƙwabcin kirki, amin.