Dodon Predator, Yaranmu, da Kaburburan Maijirgi

A watan Nuwamba na 2025 aka fitar da sabon fim a jerin finafinan nan na Amurka da ake kira Predator, mai suna Predator: Badlands. Mu nan Tasawa da Mayahi ba ma jiran gidan silima. Fim yana fita, kafin ka ankara ya iso rumfar masu cajin salula, ana tura wa yara a kati da 'yan kuɗi kaɗan, su huɗu ko biyar su haɗa kai a kan salula ɗaya. Iyaye da yawa ba su san abin da ake kallo ba, waɗanda suka sani kuma maganarsu ɗaya ce, a hana. Ni malamin makaranta ne, uba ne kuma, kuma ina ganin akwai abin da ya fi hani amfani.

Wannan jeri ya girmi iyayen wasu ɗalibaina. An fara shi a 1987 da Arnold Schwarzenegger, wanda muke kira Kwamando saboda wani fim ɗinsa na 1985. Na biyu ya fito a 1990, aka haɗa dodon faɗa da wani dodon a 2004 da 2007, aka sake dawowa a 2010 da 2018, sai Prey a 2022, sannan wannan na 2025. Ginshiƙin labarin bai canza ba: wata halitta ce daga wata duniyar, sana'arta farauta, tana neman wanda ya fi kowa ƙarfi ta kashe, ta ɗauke ƙoƙon kansa ta adana don alfahari. Tana ɓacewa daga gani, tana da makaman da ɗan Adam bai taɓa ƙerawa ba.

Na farkon a gidan bidiyo na kalle shi ina yaro, da dala biyar, janareto yana ruri a bayan zana. Babu mai jin Ingilishi a cikinmu. Abin da muka fita da shi damtsen Kwamando ne da bindigar nan mai juyawa kamar injin niƙa. Amma duk wanda ya natsu ya sake kallon fim ɗin zai ga cewa bindigar ba ta tsinana komai ba. Akwai wurin da sojojin suka buɗe wuta gaba ɗaya, suka sassabe daji da harsashi, abin da suka samu ɗigon jini ne a kan ganye. Dodon ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Kwamando ya tsira ne lokacin da ya fito daga ruwa jikinsa duk taɓo, dodon ya wuce ta gabansa bai gan shi ba. A nan ya gane zafin jiki halittar take gani. Sai ya shafe jiki da taɓo, ya ɗana tarko da kututture da igiyar daji, ya gama da ita.

Prey ya fito da wannan magana fili. An kai labarin shekarar 1719, cikin ƙabilar Komanci, 'yan asalin ƙasar Amurka. Jarumar yarinya ce mai suna Naru, wadda aka koya wa haɗa magani alhali ita farauta take so, samarin gari suna yi mata dariya. Ita ce ta lura da sawun da kowa ya taka ya wuce. Ita ce ta san furen da ke sanyaya jiki har dodon ya kasa ganin mutum, ta san inda laka take haɗiye ƙafa, ta kuma gane yadda hular dodon ke saita masa kibiya, ta juya masa makaminsa. A fim ɗin akwai Faransawa masu fataucin fata, da bindigoginsu, waɗanda suke kashe ɓauna su feɗe su bar gawarwaki a fili. Dodon ya karkashe su kamar kaji.

A sabon fim ɗin kuwa, darakta Dan Trachtenberg, wanda ya shirya Prey, ya juya labarin: dodon ne jarumi. Sunansa Dek, ƙarami ne a gidansu, ubansa yana ganinsa rago har ya ba da umarnin a kashe shi. Yayansa ya ƙi, ya rasa ransa a kan haka. Dek ya faɗa wata duniya mai suna Genna, inda ciyawa take yanka kamar aska, itatuwa suke kama mai rai. Ya rasa yawancin makamansa. Abin da ya cece shi sauraron wata mutum-mutumi ce mai suna Thia, wadda ta san halin kowane tsiro da dabba na wurin, ga ta kuma babu ƙafafu, sai ya goya ta. A ƙarshe da tsirran dajin da dabbobinsa ya haɗa kayan yaƙinsa.

Kusan shekara arba'in ke nan mafi kyawun finafinan wannan jeri suna faɗin abin da kakanninmu suka taƙaita: hankali ke gani, ido gululu ne. Matsalar ita ce yaron da ba ya jin harshen fim, babu kuma babba kusa da shi, jini da wuta kawai yake kwasa. Na gwada wannan a aji. Na tambayi yara wa ya kalli Predator, hannuwa suka tashi har da na waɗanda ba sa ɗaga hannu a lissafi. Na ce me ya kashe dodon? Suka ce bindiga. Sai wani yaro da ke zama a baya, wanda ba a cika jin muryarsa ba, ya ce, “Malam, ai taɓo ne.” Daga wannan amsa muka shiga darasin zafi da sanyi: me ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, me ya sa ɗakin ƙasa ya fi na kwano daɗin kwana a watan Afrilu. Na ba su aikin gida, kowa ya tambayi kakansa sunayen itatuwa biyar na Gulbin Kaba da amfaninsu. Aka zo mini da goriba, gawo, aduwa, kalgo, sabara, da bayanin da babu shi a littafin da nake koyarwa da shi.

Faransawan Prey kuma sun buɗe mini wata ƙofar. Baƙo mai makamin da ba a taɓa gani ba, mai kisa babu dalili, mu ba a fim muka san shi ba. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar nan daga yamma tana ƙona garuruwa. Ta yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu a watan Afrilu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Ranar 14 ga Yuli, a Ɗankori, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da gwamnatin Faransa ta turo ya tsayar da shi. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baya, suka kashe su biyun. Kaburburansu suna Maijirgi, a kan hanyar Damagaram. Med Hondo ya yi fim a kan wannan tarihi, Sarraounia, daga littafin Abdoulaye Mamani, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987, shekarar da Predator ya fito. Da na tambayi aji, masu sanin sunan Dek sun fi masu sanin abin da ya faru a Ɗankori yawa nesa ba kusa ba, alhali wasunsu kakannin kakanninsu ne suka gudu daga wutar.

Ba ina cewa a sakar wa yara kowane fim ba ne. A Amurka kanta, na 1987 da Prey an ware su ne ga manya, ɗan ƙasa da shekara 17 sai da rakiyar babba, domin akwai feɗe mutum da fille kai. Badlands an sassauta, amma an gargaɗi iyaye game da 'yan ƙasa da 13. Ɗan firamare ba shi da abin yi da su, kuma uban da ya karɓe katin ya yi daidai. Ɗan kwaleji kuwa, ko ka hana a gida zai gani a rumfar caji. Gara ka zauna da shi, ka yi masa tambaya uku: wa ya yi nasara, da me ya yi ta, me ya sani wanda sauran ba su sani ba?

Mu iyaye ma akwai tambayar da sabon fim ɗin ya ajiye mana. Uban Dek da awo ɗaya yake auna 'ya'yansa, wato ƙarfi, kuma da wannan awo ya rasa su duka biyu. A gidajenmu da azuzuwanmu akwai yaron da muka riga muka yanke wa hukuncin daƙiƙi saboda Faransanci ya ƙi zama a bakinsa, alhali ya san sawun kowace dabba daga nan har Kanembakashe. Akwai yarinyar da ake shirin cirewa daga makaranta, wadda ta fi kowa lura a aji. Kafin mu yanke musu hukunci, mu tambaye su abin da suka gani. Allah ya shirya mana zuri'a.