Tsohon Jirgi a Bakin Ruwan Yeji

Duk wanda ya sauka Yeji ranar kasuwa, ƙamshin bandar kifi ne zai fara yi masa maraba. Garin yana bakin tafkin Volta a ƙasar Gana, tafkin da ya samu bayan an gama madatsar Akosombo a 1965. A tsallaken ruwa ga Makango, inda hanya ta miƙe zuwa Salaga, tsohuwar kasuwar goron kakanninmu.

Na daɗe ina sarin kifi a ƙauyukan bakin tafkin, amma kuɗin haya yana cinye ribar. Sai na ƙudura sayen jirgi nawa. Sabo ya fi ƙarfina, don haka na haɗa ɗan jarina da kuɗin adashen uwargida, na nufi wani tsohon jirgin katako mai injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. In abin ya lalace, mun shiga uku mu duka.

Allah ya taimake ni na tafi da wani dattijon makanike daga zango. Ina yaba sabon fentin, ya ce, "Alhaji, fenti ba ya tare ruwa, bari mu ji katakon." Ya bi ƙasan jirgin yana caka sukudireba, katako uku suka lotsa kamar burodi. Ya kwance ƙusar giya, man ya fito fari kamar nono, alamar ruwa yana shiga ciki. Da aka tayar da injin, ruwan da ya kamata ya riƙa tsartuwa ta baya bai fito ba, wato robar famfon da ke sanyaya shi ta mutu. Da waɗannan hujjoji muka yi ciniki, mai jirgi ya sauko sosai.

Gyara ya ci mako uku. Kafinta ya sauya ruɓaɓɓun katakon, ya cusa tsumma a tsage-tsage ya bi da kwalta. Muka bar jirgin cikin ruwa kwanaki don katakon ya kumbura ya matse. Makanike ya wanke kafireta, ya sa sababbin fulogi da robobi, ya gargaɗe ni kada in yi rowar baƙin man da ake gaurayawa da fetur, don shi ne ran irin wannan inji.

Abin da ban sani ba, tafkin ne ya koya mini. Dajin da ruwa ya cinye har yau yana tsaye a ƙarƙashi. A fitarmu ta biyu muka daki kututture, farfela ta lanƙwashe, muka dawo da filafili bayan magariba, uwargida tana bakin ruwa ta kasa zama. Tun ranar na ɗauki matuƙi ɗan gari wanda ya san hanyar ruwa, na sayi farfelar ajiya da rigunan ceto. In hadari ya haɗo ba ma tashi, kuma ba na ƙara buhu ko ɗaya bisa ƙima, komai roƙon fasinja.

Ɗan'uwa, in za ka sayi tsohon jirgi, ka ware kuɗin gyara kafin ka taya, kuma kada ka je kai kaɗai. Ni dai alhamdu lillahi, watan jiya na mayar wa uwargida kuɗinta cif. Ta ƙirga, ta ce saura ribarta.