Kan Keke a Hanyoyin Masu Itace na Morvan

Shawarar ta wani abokina ce ɗan Damagaram, lokacin muna zaune a Dijon, shi yana aiki ni ina karatu. Ya daɗe da mallakar irin keken nan da ake ƙerawa domin hanyar burji, ya kuma matsa mini sai mun keta Morvan daga arewa zuwa kudu kafin sanyi ya kankama. Morvan yanki ne na tuddai da dazuzzuka a tsakiyar Faransa, wanda aka mayar gandun da ake kiyayewa a 1970. Akwai hanyar keke da aka yi wa alamomi daga Avallon zuwa Autun, mai kewaye-kewaye har ta haura kilomita 300. Mu dai mukan bi ta mu saki, mu yanke ta hanyoyin masu itace.

Keken da na aro, kansa lanƙwasasshe ne irin na tsere, amma tayarsa ta fi kauri, faɗinta wajen milimita 40, da ƙananan haƙora. Babu tub a ciki. Wani farin ruwa mai danƙo ake ɗurawa, idan ƙaya ta huda sai ya toshe ramin kana tafe. Birkinsa na faifai ne, laka ba ta hana shi ci. Kayanmu duka suna cikin jakunkuna biyu, ɗaya ɗaure a ƙarƙashin sirdi, ɗaya a gaba.

Mun bar Avallon a farkon Oktoba, gari da hazo. Tuddan Morvan ba su da tsayin a zo a gani, mafi tsayinsu, Haut-Folin, mita 901 ne kacal. Wahalarsu ita ce ba su san shimfiɗa ba. Da ka gangara ka tsallake rafi, sai hanya ta miƙe ta nufi sama, ka koma ƙaramar giya kana haki. Ƙasar wurin ta wani dutse ce mai ruɓewa ya zama rairayi mai kaushi, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin taya. Inda ganye ya zuba kuwa, nan ne haɗarin. Jajayen ganyaye jiƙaƙƙu sun rufe hanya ruf, a ƙarƙashinsu ga saiwoyi masu santsi ga duwatsu. A gangara ta farko abokina ya ɗaga murya daga baya: "Malam, saki birkin gaba! Ja jikinka baya, ka bar keken ya nemi hanyarsa!" Na bi maganarsa, keken ya riƙa tsalle yana wucewa.

Ƙauyukan ƙanana ne, gidajen dutse, da yawansu tagoginsu a rufe. Kantin burodi, inda akwai shi, yakan rufe da tsakar rana, don haka wanda bai sayi guzuri da safe ba ya wuni da yunwa. Ruwa kuwa, masu keke a Faransa sun san inda ake samunsa: kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo a bakin ƙofa domin masu shayar da furanni. A nan muke cika goruna, mu yi alwala da ruwa mai sanyin da yake sa yatsu su ƙage, mu matsa gefen hanya mu yi azahar a kan rigar ruwa. A Quarré-les-Tombes mun ci burodi da cuku muna kallon akwatunan gawa na dutse fiye da ɗari da aka jera kewaye da majami'a, tun na zamanin da. A Dun-les-Places kuma mun tsaya gaban sunayen maza 27 da sojojin Jamus suka kashe a 26 ga Yuni 1944, suna zargin garin da taimakon mayaƙan sa-kai da ke ɓoye a dajin. Daga nan muka yi tafiya mai nisa ba wanda ya ce uffan.

A tafkin Settons ne na fara gane hanyoyin da muke bi. Muna shan shayi a bakin madatsar, wani dattijo da ke yawo da karensa ya tsaya duba tayoyinmu, hira ta ɓarke. Ya nuna katangar dutsen da sandarsa ya ce kada mu ɗauka don masu ninƙaya aka gina ta. An fara aikinta a 1854, domin a tara ruwan da za a riƙa saki ya tura itace zuwa Paris. Tun daga ƙarni na 16 Morvan ya riƙa ɗumama babban birnin. Da sanyi ake sara, a yayyanka gungume ya zama mita ɗaya da santimita 14, kowane ɗan kasuwa ya buga tambarinsa da guduma a bakin kowane guntu. Shanu su ja amalanke su kai bakin rafi. Ranar da aka tsayar, sai a buɗe madatsu, a antaya itacen cikin ambaliya, maza da mata da yara suna bin gaɓa da dogayen ƙugiyoyi suna zungurar wanda ya maƙale. A garuruwa irin su Clamecy ake tsamo shi, a ware wa kowa nasa bisa tambari, a ɗaure shi ya zama doguwar fanton mai tsawon kamar mita 70, mutane su hau su tuƙa ta kan kogin Yonne da Seine har Paris. Gawayin kwal da jirgin ƙasa ne suka kashe sana'ar, aka yi turi na ƙarshe a 1923.

Dattijon ya ƙara da cewa har nonon matansu Paris ta sha. A ƙarni na 19 matan Morvan sukan bar jariransu a gida su tafi shayar da 'ya'yan masu kuɗi, marayun birnin kuma a kawo su nan riƙo. Akwai gidan tarihi na wannan a Alligny-en-Morvan.

Bayan hirar nan sai idona ya buɗe. Hanyar da ta nutse tsakanin gaɓa biyu har kafaɗa, ƙafar amalanke ce ta cinye ta shekara da shekaru. Ƙaramin tafkin da muka wuce a tsakiyar daji, madatsar masu itace ce. Gangarar da take bin rafi a hankali, an zana ta ne daidai ƙarfin sa mai jan kaya.

Kudu da tafkin dajin ya sauya fuska. Muka fita daga cikin itatuwa masu faffaɗan ganye, inda haske ke ratsowa tsuntsaye na kuka, muka shiga wani wuri mai duhu. Dogayen itatuwa sambal, an jera su sahu-sahu kamar kunyoyin gero, ƙasa babu ciyawa sai busassun alluran ganye. Wannan shi ne daglas, ɗan asalin Amurka ta Arewa, wanda aka dasa da yawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu da tallafin gwamnati, saboda yana saurin girma kuma katakonsa na da kasuwa. Yawancin dajin Morvan na masu zaman kansu ne, kowa da abin da yake so ya yi da nasa. A gefe guda kuma ga gonakin ƙananan itatuwan Kirsimeti, waɗanda yankin ya fi ko'ina samarwa a Faransa.

Muna shan wata kwana sai duhun ya yanke. Gefen tudu guda an aske shi tas. Kututture ne ko'ina, rassa a tare, ƙasa ta tone, ƙanshin ɗanyen katako ya cika hanci. Injin sara ya bar sawu biyu masu zurfin gwiwa cike da jan ruwa. Laka ta cushe tsakanin taya da ƙarfe har keke ya ƙi juyawa, muka sauka muka saɓa a kafaɗa. Abokina yana saƙale lakar da tsinke yana faɗa: "Wannan ai ba sara ba ne, Malam, fashi ne." A jikin wata itaciya da ta tsira wani ya manna takardar adawa da irin wannan aski. Daga baya muka ji cewa wasu mazauna yankin suna haɗa kuɗi su sayi daji, don kawai su riƙa cire itace ɗai-ɗai maimakon share shi gaba ɗaya.

Muna fita daga lakar muka faɗa wata hanya mai faɗi, an zuba mata tsakuwa an daddale, babu gargada ko kaɗan. Muka saki keke yana gudu. Ba mu yi nisa ba muka ji ruri a baya, muka raɓe, wata doguwar mota shaƙe da gungume ta wuce, direban ya ɗaga mana hannu.

Ranar Lahadi muka ci karo da allon mafarauta a bakin wata hanya, ga maza sanye da riguna ruwan lemo a jere da bindigogi suna jiran karnuka su koro aladun daji. Ɗaya ya nuna mana hanyar kewaye cikin mutunci, ta ƙara mana hawa. Ita ta kai mu Mont Beuvray, inda tsohon birnin Bibracte yake. A kan tudun nan ƙabilun Gaul suka naɗa Vercingétorix jagoransu a shekara ta 52 kafin haihuwar Annabi Isa, a nan kuma Yuliyus Kaisar ya yi zaman sanyi bayan ya ci su da yaƙi. Yau daji ya rufe ganuwar. Itatuwan bakin hanya sun murɗe sun kwanta sun sake tashi, domin a da manoma ne suke lanƙwasa su suna saƙa shinge, da aka bar gonakin sai shingen ya girma a haka.

Daga nan gangara ce ta fi yawa har Autun, birnin da Romawa suka gina ya gaji Bibracte, ƙofofinsu biyu na nan tsaye har yau. Mai masauki ta dube mu sama da ƙasa, ta miƙo mana tiyo ta ce keke da takalma duk a tsakar gida za su kwana sai an wanke. Muna wanki na tambayi abokina wace hanya ce ta fi masa daɗi a duk tafiyar. Ya ce ai ba tambaya, mai faɗin nan da muka yi gudu a kanta. Na ce to, don motar gungume aka yi ta, da kuɗin katakon da ya kira fashi. Ya yi shiru yana goge sarƙa, sannan ya ce gudun dai ya yi daɗi, amma maganarsa tana nan, bai janye ba.